Jar Dawar Surukata

A gonarmu ta wajen Mamudo akwai wani tudu mai jar ƙasa, wanda ba ya karɓar kowace shuka. Ranar da surukata ta fara kai ni, sai ta dangwali ƙasar ta ɗora mini a harshe. Bakina ya ɗaure kamar na lashi alif ɗin tace ruwa.

Ta ce, "Kin ji ko? Wannan ƙasa abokiyar zamanta ɗaya ce."

Abokiyar zaman nan wata jar dawa ce, gajera, mai wuyar surfe. Tun kakanninsu ita ake shukawa a nan. Kowace kaka tsohuwa takan ware zangarniya bakwai ta rataye a saman murhu, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari. Da Allah ya karɓi abinsa, ratayar ta dawo hannuna.

To, damina biyu bayan an yanka mana jihar Yobe, maigida ya zo da sabon iri daga Potiskum, fari tas, da takin zamani. A kwari ya yi albarka. Muka ce shi ke nan, mun huta da jar wahala. A ranin nan na sauke zangarniyun duka na ba wata Bafulatana da ke kawo mana nono, ta cika mini ƙwarya da kindirmo. Muka sha, muka lashe ludayi.

Da ruwa ya sauka muka zuba sabon iri a tudu. Ya tsiro, ya kai tsawon tafin hannu, ya tsaya. Na tuge ɗaya, na ga saiwa guntuwa, mai kauri, bakinta kamar an ƙona. Malamin gona ya ce irin dalmar da ake ƙera tukwane da ita ce a cikin ƙasar. In ƙasa ta yi tsami sai dalmar ta narke ta ci bakin saiwa, amma akwai tsohon irin da saiwarsa ke fitar da abin da ke ɗaure ta. Ya ce, "Mama, ba ku da irin dā?"

Tudun nan rabin abincinmu ne, kuma amana ce na shanye da ludayi.

Bayan kaka na bi gidajen Mamudo neman jar dawa, babu. Aka ce su Bafulatanar nan sun zauna wajen Damagum. Lokacin mai ya yi wuya, na yi rabin yini a bakin titi kafin wata motar shanu ta ɗauke ni.

Bafulatanar tana hango ni ta fara tafa hannu. Ni Babarbariya ce, kun san wasan da ke tsakaninmu da Fulani.

"Yau baiwata ta zo gaishe ni! Ina goron?"

"Baiwar wa? Ke da na ƙoshar da dusa. Ina dawata?"

"Wace dawa? Wadda kika sayar don kwaɗayi? Ai Babarbare ko ɗansa sai ya ba da in ya ga nono."

Idona ya kawo ruwa. Sai ta bar wasan, ta ja ni bayan bukka. Ashe da ta ga zangarniyun sun sha hayaƙi ta gane iri ne, ta ƙi dakawa. Ta ce a wurinsu saniyar gado ba a kai ta mahauta. Ta shuka su a tsohon makwancin shanu, ga abin da ta girbe a ɗaure cikin buhu.

Ta zaɓo bakwai ta ƙulle mini a gefen mayafi. Na kwance ɗan kunnena zan ba ta, ta buge mini hannu.

"Iri ba a saye. Ki tafi, kafin in tuna ke baiwata ce."

Daminar da ta biyo, tudu ya yi ja har bakin hanya. Tuwonta da tauri, yara suna ta ƙorafi, ni kuwa ina ci ina jin muryar tsohuwa.

Tun daga nan goma sha huɗu nake warewa. Bakwai a saman murhu, bakwai kuma duk kaka sai sun hau mota zuwa Damagum.