Yaya Asabe, Wadda Ta Raya Min Ɗa Da Wake

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗora ruwan shayi waya ta shigo daga Gwiwa, wai Yaya Asabe ta rasu. Har ruwan ya ƙone ban tashi daga inda nake ba.

Da yawanku ba ku san ta ba, ku yi haƙuri in ɗan yi surutu.

Tare muka koyar a wata firamare a Kazaure, shekarun nan da kuɗin mai ya shigo, kowane ma'aikaci yana ji da kansa. Gidajenmu katanga ɗaya. Ta girme ni, mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, ga aji da safe, ga ajin yaƙi da jahilci na matan aure bayan la'asar. Ni kuma 'yar Fulanin Roni ce, tashin ruga, da ɗana na fari Bello da na yaye.

Tun daga yayen nan Bello ya ƙi lafiya. Ƙuraje, kumburin fuska, gudawa, yaro ya koma sai kai da idanu. Mu a gidanmu idan yaro ya rame magani ɗaya muka sani, nono da man shanu. Duk ranar kasuwa Inna, mahaifiyata, sai ta aiko da ƙwarya cike. Babansa kuma albashi ya ƙaru, yana ta jido madarar gwangwani da nama. Yana ƙara lalacewa muna ƙara ɗura masa. Wallahi na fara cire rai da yaron nan.

Ranakun da aiki ya riƙe ni a makaranta bayan an tashi, wajen Yaya Asabe ake kai shi. Ita a gidanta ba a ganin nama sai da Sallah, kuma ba ta ɓoye dalili. Takan ce: "Malama, ni ba ni da kuɗin nama, ba ni da lokacin jiran ya dahu."

Wata rana na je ɗaukarsa na tarar ya tasa ɗanwake a gaba yana ta dambe da shi. Ta ja ni gefe ta ce: "Ni dai ban san komai a kan ciwo ba. Amma na lura duk ranar da angon nan nawa ya wuni a nan, lafiya lau yake barci. Ki bar min cikinsa na 'yan kwanaki mu gani. Ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne."

Angona take ce masa, har ya yi furfura ba ta daina ba.

Na bar mata. Kumburin ya saɓe, gudawa ta tsaya. Da muka kai shi asibiti a Kano, likita ya ce jikinsa ne ba ya karɓar nono da duk abin da aka yi da shi, har naman ma a ɗaga masa ƙafa.

To, a nan ake yin ta. Wa zai gaya wa Inna?

Ta zo da kanta, da ƙwaryar man shanu a ka. Da ta ji bayani ta tafa hannu ta ce: "Jikana a hana shi nono? To ku ce min Bahaushe kuka haifa mana!" Yaya Asabe ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta ce: "Inna, ki kwana biyu da mu, idonki ya gane miki."

Inna ba ta yarda ba. Muna makaranta ta lakaci man ta sa masa a baki, don ita a ganinta taimakonsa take yi. Muka dawo muka tarar leɓensa ya haye, ita kuma tana rungume da shi tana kuka. Ranar kasuwa ta gaba ƙwaryar nan ta dawo, amma wake ne a ciki.

Saura ni, da ban iya girkin da babu man shanu ba, ga shi ina dawowa a gajiye, tukunya biyu ta fi ƙarfina. Yaya Asabe ta ce a mayar da gidan duka tukunya ɗaya, ita za ta koya min.

Ta kan katanga aka yi karatun. Ranar da babu makaranta mu kai wake inji, mu daka ƙuli-ƙuli da yaji, mu shanya zogale. Kafin in fita da safe in jiƙa wake. Da yamma kuwa sai ka ji muryarta: "Malama, ruwanki ya tafasa? To kwaɓa garin da kuka da ruwan kanwa, ki fara jefawa. Idan sun taso ki ɗan ba su lokaci, kada ki yi musu gaggawa." Kafin a kira magariba ɗanwake ya sauka, ga man gyaɗa da albasa, ga yaji.

Gobe garau-garau. Jibi faten tsaki da yakuwa da gyaɗa. Ranar da na fi gajiya, kwaɗon zogale da ƙuli, a ci da ɗumamen tuwo. Da na yi ƙorafin miyar kuka ba nama ba ta da armashi, dariya ta yi ta ce: "Ke dai ba ki iya sa daddawa ba ne, 'yar Fulani."

Baban Bello, Allah ya jiƙansa, ya buɗe kwano ya ce: "Yau ma waken ne?" Sai ya cinye tas, ya saɓa riga ya nufi wajen mai tsire a tasha. Daga baya shi da kansa yake tambayar ranar fate.

A kan abincin nan Bello ya yi ƙafa, ya shiga makaranta, ya zama mutum. Ƙannensa ma a kai suka tashi.

Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce muka je Gwiwa gaishe ta, a gidan babban ɗanta. Idonta ya tafi, amma tana jin sallamar Bello ta ce: "Angona ne? Matso." Ya durƙusa, ƙato da shi, mai jikoki. Ta laluba ta kama damtsensa ta matsa, ta ce: "Malama, kin ga wannan? Duk wakena ne." Muka yi ta dariya. Ban san sallama muke yi ba.

Ɗazu Bello ya kira ni daga maƙabarta, da shi aka sa ta a makwancinta. Da ƙyar nake jin abin da yake faɗa. Ya ce 'yan uwa suna maganar abincin sadakar uku, sun san yana da halin yanka saniya, kuma zai yanka wa masu ci. Amma ya ce: "Mama, don Allah ki zo ki jefa ɗanwake da hannunki, irin nata. Ina so in zauna a ƙofar gidan in ci tare da mutane, su ga abin da ta raya ni da shi."

Na aika a kai wake inji. Gobe in Allah ya yarda ina Gwiwa.

Ya Allah, Yaya Asabe ta ciyar da ɗana lokacin da na rasa yadda zan yi da shi. Ka ciyar da ita daga abincin Aljanna, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka ba 'ya'yanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya wuce bai yi mata addu'a ba. In kun zauna cin abincin dare yau da iyalinku, ku sa Asabe a bakinku.