Sifanar Yaya Usman

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Usman makwancinsa a nan Jidda, kuma har yau in na ji ƙarar jirgi mai saukar ungulu sai na ɗaga kai. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Daga Sudan muka zo tare, ni na kama tsaron shago a Bagdadiyya, shi kuwa ya yi rayuwarsa yana gyaran helikwafta a wani ƙaramin kamfani.

Duk Juma'a bayan la'asar muna zaman shayi a ƙofar gidansa a Ammariyya, kuma gardamar ba ta sauyawa: wane helikwafta ne ya fi? Ni ɗan kallo ne, Shinuk nake so, mai farfela biyu, saboda girma. Wani maƙwabcinmu ya nace wa Huyi na Amurka, wanda ake jin fat-fat ɗinsa tun kafin a gan shi. Yaya sai ya bari mu gaji, sannan ya ce Mi-8 na Rasha da muka sani a Sudan jakin sama ne, zafi da rairayi ba sa hana shi ɗaukar kaya. Amma ko shi bai ba shi kambu ba. A wurinsa jirgin da ya fi shi ne wanda hannun makanike ke isa ko'ina a cikinsa. Mukan ce masa kowa dai gwanin sana'arsa yake yabo.

Yanzu 'ya'yansa suna nuna mini bidiyo a waya, wai jerin helikwafta goma mafiya nasara a tarihi, da jiragen da ke tashi babu matuƙi. Na san abin da zai ce. Zai yi tsaki ya tambaya, wa ke ɗaure musu noti?

Akwai ƙa'ida a aikinsu: in an gama gyara sai a ƙirga kayan aiki, in ɗaya ya ɓace jirgi ba ya tashi, don ƙarfen da aka manta cikin inji kisa ne. Akwatin kayan aikin Yaya nasa ne na kansa, yakan zo da shi gida ranar Alhamis. Wata Juma'a na buɗe shi ban tambaya ba, na ɗauki ƙaramar sifana don gyara firjin shago, na manta da ita. Shi kuma ranar Asabar da safe bai ƙirga ba, don a gidansa akwatin ya kwana, wa zai zarga? Sai da ya rufe injin ya ga gurbin sifanar a akwati. Ya ƙi sa hannu a takardar tashin jirgin. Kwana biyu ana kwance jirgin ana nema, manaja yana kumfar baki. Da kwantiraginsa ya ƙare ba a sabunta ba. Wata takwas ya yi yana neman sabon kafili da zai tsaya masa a ƙasar, iƙamarsa, wato takardar zama, na shirin mutuwa, ga 'ya'ya huɗu.

Sau ɗaya ya tambaye ni. "Sani, wallahi ba ka ga sifanata ba?"

Na ce, "Abadan, Yaya."

Ya ce, "Halas, shi ke nan." Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

A lokacin ban tuna ba, wannan gaskiya ne. Amma kwana uku bayan nan na gan ta a bayan firji, na kuma yi shiru, don tsoro da kunya. An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ni mai kayan bai jira ranarsa ba.

Bai bar gadon gida ba, bai bar mota ba. Ya bar mini sanin cewa na taɓa zama da mutumin da ya zaɓi ya rasa abincinsa da ya sa hannu a kan ƙila. Wasu sun sauka lafiya suka koma wurin iyalinsu ba su ma san sunansa ba.

Sifanar tana wurina har yau. Jibi Juma'a zan kai wa babban ɗansa, in faɗa masa da bakina, ko da ya riga ya karanta a nan. In ya yafe, alhamdulillahi. In bai yafe ba, bai zalunce ni ba. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ni ne na ɗauka.