Kawu Almakashi da Shukokin Tsakiyar Titi

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana aske shukokin tsakiyar babban titi, daga shataletalen asibiti har gindin gada, har mutane suka manta sunansa na yanka, kowa sai Kawu Almakashi. Gajere ne, gwame, da rigar aiki mai ruwan lemo wadda rana ta cinye har ta koma kalar ƙasa. Idan ka gaishe shi ka jawo wa kanka, don sai ya tsare ka a tsakiyar titi, motoci na wucewa hagu da dama, ya yi maka karatun yadda ake yanke reshe. A ganinsa mutum biyu ne kawai a garin suka san aikinsu: shi, da likitan da ya yi masa aikin ƙaba. Likitan kuwa ya rasu.

A gida ba a ɗaukar sa da wannan girman. Tsakar gidansa ko ganye ɗaya babu, sai igiyar shanya da tsohon keke. Matarsa takan ce, "Malam, da surutu na fitar da fure, da gidan nan ba wurin taka ƙafa."

Amma a faɗi gaskiya, ya san shuka. Ba ya taɓa mai fure sai ta gama zubar da furenta. Yana barin gindi ya fi sama faɗi don rana ta kai ƙasa, yana zare tsofaffin rassa daga ciki don iska ta ratsa. Sau uku a shekara yake aski, sauran watannin kuma ya yi ban ruwa, ya tsince leda, ya cika mutane da bayani.

Ana haka aka kawo musu sabon shugaban sashe, matashi mai takalmi mai tsini. Kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin abin da ya gina. Ya je wani kwas na mako guda a ƙasar waje, ya dawo da hotuna cike da waya. Ranar da ya fara zagaye ya tsaya a inuwar motarsa, ya yafito Kawu.

"Baba, dubi nan. Haka nake so titin nan ya koma. Kowace shuka kamar akwati, sama a shafe, gefe a miƙe. Duk Litinin a aske."

Kawu ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya mayar.

"Ranka ya daɗe, shuka ba kan ɗan sanda ba ce da za a riƙa kwal-kwal duk mako. Yanzu suka fara ƙunsar fure. In aka shafe saman, ƙasan zai mutu."

"Baba, ka taɓa fita ƙasar waje?"

"Ban taɓa ba."

"To ka gani."

Da wannan aka rufe muhawara. Aka karɓe almakashinsa, aka ba shi inji mai ƙara kamar babur ɗin da salansarsa ta fashe, da igiyar awo. Duk Litinin Kawu na tafe yana shafe kan shuka yana ƙunƙuni, injin na cinye ƙunƙunin. Haƙoran injin ba su jima ba suka dakushe, suka koma yagar ganye maimakon yanka, bakin kowane ganye ya ƙone ya yi ja.

Cikin wata huɗu titi ya zama abin kallo. Saman shukokin ya cunkushe kamar tabarma, ƙasa kuwa sai ƙwauri tsirara, kamar dattawa sun tattare riga za su tsallake kwata. Fure ko na magani babu. Direbobin tasi suka riƙa leƙo kai suna cewa, "Kawu, yunwa ake yi a tsakiyar titin ne?" Shi da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, sai ya yi kamar ƙarar inji ta hana shi ji.

Sai ga takarda: wani babba zai zo gari, kuma ta titin zai bi. Injiniya ya zo ya duba, gumi ya karyo masa. Washegari da safe aka sauke bokitan fenti kore guda shida.

"Fenti, ranka ya daɗe? A kan ganye?"

"Daga nesa za a gani, Baba. Wa zai sauko ya shinshina?"

A nan kam Injiniya ya fi shi gaskiya. Babban ya wuce a mota mai baƙin gilashi, jiniya gaba da baya, ko minti biyu bai yi a titin ba, an ma ce jarida yake karantawa. Bayan sati guda ɗan ganyen da ya rage ya kaɗe, sai ƙirare kore shar.

Ranar Asabar, ba tare da ya tambayi kowa ba, Kawu ya ari zarto wajen kafinta maƙwabcinsa, ya bi shukokin ɗaya bayan ɗaya ya datse su, ya bar taƙi guda daga ƙasa. Ya san saiwar na da rai, in ruwa ya sauka za su tofo. Ran Litinin aka kira shi ofis, aka miƙa masa takardar tuhuma kan ɓarnata kayan hukuma. Ya buɗe baki zai yi bayani, Injiniya ya ɗaga hannu.

"Baba, don tsufanka ne ba zan kore ka ba."

Aka mayar da shi sharar harabar ofis, aka kulle inji da almakashi a sito.

Ruwa ya sauka, shukokin suka tofo. Da yake babu wanda aka tura wurin, babu wanda ya taɓa su har shekara ta zagayo. Suka yi fure, ja da fari da ruwan hoda, irin wanda titin bai taɓa gani ba, har amare na tsayawa ɗaukar hoto. Injiniya ya tsaya a tsakiyarsu aka ɗauke shi, ya rubuta rahoto mai shafi goma sha biyu kan sabuwar dabararsa ta farfaɗo da shuka, aka ƙara masa girma.

Kawu ya haɗiye wannan, don ya daɗe da sanin cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya tsaya masa a wuya matarsa ce ta faɗe shi, ranar da suka wuce ta titin a motar haya za su dubiya.

"Malam, ashe haka suke kyau in ba ka nan?"

"Ni na datse su! Ba don ni ba..."

"Na sani. Amma shekara ashirin da bakwai kana kansu, ban taɓa ganin sun yi haka ba."

Daga ranar, kwana biyu Kawu yana cin abinci a waje.

Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango da takardar yabo, a cikinta an rubuta cewa ya yi fice wajen shara. Yanzu yana gyara shingen gidan wata tsohuwar shugabar makaranta, sau biyu a wata. Tana fitowa da kujerarta da sandarta ta zauna, ta riƙa nuna masa reshe ɗaya bayan ɗaya.

"Ba wannan ba, malam, na kusa da shi. Ƙasa kaɗan. Ka ga ka zarce!"

"To, ranki ya daɗe," in ji Kawu.

In ya dawo gida ya rataye hula, sai ya gaya wa matarsa cewa a ƙarshe dai ya samu wadda ke jin shawararsa.