Yadda Na Mayar da Firjin Rigakafi Randar Gari

Edita, sallama da fatan alheri gare ka da masu karatu. Ina roƙon ka sakaya sunana da na garin da abin ya faru, don mutanen da ya shafa suna nan da ransu.

A shekarun farko da aka ba mu jiha, ni yarinya ce 'yar shekara ashirin da uku, sabuwar fitowa daga makarantar koyon aikin lafiya. Aka tura ni wani ƙauye a yankin Miga, ni kaɗai ce malamar asibiti a ɗakin shan maganin garin. Ban san kowa ba, sai dagaci ya sauke ni a gidansa. Uwargidansa, wadda kowa ke kira Hajiya, ta riƙe ni tamkar 'yar cikinta. Tuwonta nake ci, ko zazzaɓi na yi ita ke zama a kaina.

Ban cika shekara ba gwamnati ta kawo mana firji mai aiki da hasken rana don ajiyar allurar rigakafi. Aka kafa faifai huɗu a kan rufi, aka ajiye manyan batura biyu a ƙuryar ɗaki. Garin da ko sandar wuta bai taɓa gani ba, sai ga yara da manya suna leƙen taga. Kafin nan sai mata sun jira ranar da aka kawo allura a kula mai ƙanƙara daga hedikwatar ƙaramar hukuma, ko su biya mota har Dutse. Injiniyan da ya haɗa kayan ya zaunar da ni ya yi mini kashedi. Ya ce an auna baturan ne daidai da nauyin alluran kawai, kamar yadda ake auna wa jaki kaya, don haka kada in sa ko kofin ruwa, kuma kada in buɗe fiye da sau biyu a rana. Ya nuna mini ma'aunin sanyi da takardar da zan riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Na ce na ji.

Azumin shekarar ya faɗo cikin bazara, zafin da ko randa ba ta sanyaya ruwa. Rana ta uku Hajiya ta same ni da kwalba ɗaya a hannu, tana jin nauyin maganar. Ta ce Baba dagaci ya tsufa, azumin yana wahalar da shi, ko zan taimaka in sanyaya masa wannan ya sha ruwa da ita. Na tuna kashedin injiniya sarai, amma yaya zan kalli idon matar nan in ce a'a? Na ce a raina kwalba ɗaya ba za ta yi komai ba. Washegari aka aiko da biyu, ɗaya ta liman. Kafin goman farko ta ƙare, firjin ya cika da jarkoki da ƙullin zoɓo da lamurje, wani ma da ɗuminsa ake kawowa. Daga la'asar zuwa magariba ban san sau nawa nake buɗewa ba. Kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi. Duk inda na bi sai sa albarka, ana cewa Allah Ya kawo wa gari 'yar arziki.

Wata safiya na shiga na ji ɗakin tsit, babu ƙugin nan da na saba ji. Jar fitila na ci a gefen firjin. Na buɗe na sa hannu, ciki ɗumi kamar cikin akwatin kaya. Na kwashe jarkokin na mayar wa masu su, na ce inji yana hutawa. Na zauna jiran rana ta cika batura, amma sai ya tashi da hantsi ya ɗan yi ƙugi, kafin azahar ya mutu. Kwana goma sha ɗaya alluran suna kwance cikin wannan zafi kafin sanyin ya ɗan dawo. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in hau mota in je hedikwata in faɗa. Tsoron kora ya hana ni, da kunyar a ce na ja wa gidan dagaci magana. Maimakon haka, safe da yamma sai in ɗauki biro in rubuta sanyin ƙarya a takardar.

Bayan sallah ranar rigakafin ƙyanda ta zo. Mata suka cika rumfar asibiti, har da na rugage biyu da na yi watanni ina bi ina lallashi kafin su yarda. Na ɗauko kwalaben na duba, ba su canza kama ba, na ce wataƙila ba su lalace ba. Na yi wa yara arba'in da ɗaya allura, na sa hannu a katinsu, na ce wa iyayensu sun tsira da yardar Allah.

Daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba. Duk yaron da aka kawo da zazzaɓi, kafin uwarsa ta gama bayani na riga na duba bayan kunnensa da cikin bakinsa ina neman ƙuraje. In na ji tari a maƙwabta sai in leƙa in duba. Na rame har Hajiya ta fara jiƙa mini magani, tana zaton ciwon shawara ne. Da na je gida, mahaifiyata ta sa a yi mini rubutu. Sau ɗaya a wurin taron ma'aikata na tambayi shugaban sashenmu, wani dattijo mai haƙuri, wai wata ƙawata ce ke son sanin abin da zai faru in allura ta kwana cikin zafi. Ya ce ai ba ta cutarwa, amma ƙarfinta na iya tafiya, sai a yi wa yaro a zaci an kare shi alhali a tsirara yake. Ya dube ni ya tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, har na fara cewa Allah Ya rufa mini asiri. Da zafi ya sake kamawa sai ƙyanda ta shigo yankin. Wata safiya wata mata ta shigo da 'yarta a kafaɗa, jiki ya feso, idanu sun yi ja sun liƙe. Ta kwance bakin zaninta ta ciro kati ta miƙo mini, ga sa hannuna a jiki. Ba da faɗa ta yi magana ba. Cewa ta yi, "Malama, ba ke kika ce wannan takardar ta tsare ta ba?"

A ranar na rufe asibiti na hau ɗan acaɓa zuwa hedikwata. Na faɗa wa shugabanmu komai, har da takardar ƙarya. Ya tambaye ni yara nawa ne, kuma a ina suke. Kwana biyu bayan nan muka dawo da sababbin allurai a kula. Shugaban ya ce ba zai yi bayanin a madadina ba, ni zan tsaya a ƙofar gidan dagaci in gaya wa iyaye da bakina. Na tsaya na faɗa. Hajiya tana daga cikin soro tana ji, da na shiga na tarar tana kuka, tana cewa ita ta ja. Na ce mata ita roƙo ta yi, ni ce na san abin da ke ciki.

Muka bi gida gida da jerin sunaye. Talatin da biyar muka sake yi musu. Huɗu sun riga sun kamu, duk sun tashi, amma yarinyar nan ta farko ido ɗaya bai sake gani ba. Biyun da suka rage 'yan ruga ne. Muka je muka tarar da kufai, an tashi da shanu an yi kudu. Na aika saƙo ta bakin masu tallan nono, na tambaya a kasuwannin dabbobi har Kafin Hausa, babu wanda ya san inda suka sauka. Shugabanmu ya ce ko lafiyayyar allura ba kowane yaro take kamawa ba, don haka ba za a tabbatar laifina ne ba. Na gode masa, amma maganar ba ta taɓa sauke mini komai ba.

An ba ni takardar gargaɗi, aka mayar da ni wajen Garki. Baturan kuwa sun mutu, firjin ya yi shekaru a rufe, mata suka koma jiran kula. Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya, a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da jita-jita kan rigakafi ta bazu. Wata abokiyar aiki ta gaya mini cewa a garin nan wasu magidanta sun hana a taɓa 'ya'yansu, hujjarsu ita ce sun taɓa ganin mai kati ta makance.

Yanzu na yi ritaya. Ina jin labarai a rediyo cewa ana kafa sola a asibitocin karkara da rijiyoyin burtsatse da makarantu, ina murna, amma ina tsoron a maimaita kuskurena. Ku da aka damƙa wa kayan nan, ku sani rana kyauta ce, amma abin da batir ya tara yana da iyaka, kuma akwai wanda aka tara dominsa. Masu roƙonku ba mugaye ba ne, galibi masoyanku ne, shi ya sa ƙin yake da wuya. Ku ƙi duk da haka. In kuma kuskure ya riga ya faru, ku faɗa a ranar. Da na yi haka, da kwalabe kawai za a zubar, a yi mini faɗa a wuce wurin. Ku kuma jama'a, kada ku sa ma'aikaci a tsakanin kunyarku da amanarsa.

Yaran nan biyu, in suna raye, yanzu sun zama iyaye. Har yau ina sa su a addu'a da sunayen da na rubuta a katinsu. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya taya ni roƙon Allah Ya sa sun tsallake, ni kuma Ya yafe mini.