Shekari da Shagunan Tagwayen Madam Bridget

Shekari maƙwabcina ne a Trikania. Gyaran rediyo ya fara koya, amma da sojoji suka koma bariki, shagunan intanet suka cika gari, sai ya koma harhaɗa kwamfutoci. Mutum ne marar gaggawa, ko gobara ake yi sai ya gama shan kununsa. Ina son zama da shi.

Aikin da ya fi ba da labarinsa shi ne na Madam Bridget, mai sayar da kayan gyaran mota. Tagwaye gare ta, Ekene da Chukwuemeka, masu kishin juna tun suna goye. Ta buɗe wa ɗaya shago a Kakuri, ɗaya a Sabon Tasha, komai iri ɗaya, har fenti. Rauta ma, akwatin da ke raba wa kwamfutoci intanet, cewa ta yi a saita su daidai wa daida.

Da ta so shagunan su riƙa ganin kayan juna, Shekari ya buɗe musu ɓoyayyar hanya ta cikin intanet. Hanya ta buɗe, saƙo ya ƙi wucewa. Ya bi waya, ya kashe, ya kunna, shiru. Can ya duba adireshin kwamfutocin, sai ya fashe da dariya.

"Madam, lambobin adireshin shagunan biyu ɗaya ne. In Kakuri ta aika saƙo Sabon Tasha, rauta sai ta ga ai adireshin gida ne, ba ta fitar da shi. Sai dai shago ɗaya ya canza lamba."

"Wanne?" in ji ta. "Duk wanda ka taɓa, cewa zai yi na fifita ɗan'uwansa. Kwanan nan suka fara gaisawa. Abeg, Shekari, kar ka tayar mini da yaƙi."

Da gaske tsoro take ji, ya gani a fuskarta.

Bai taɓa lambar kowa ba. Kowace rauta ya koya mata aikin tafinta: in saƙo zai shiga hanyar, ta sauya masa adireshi, in amsa ta dawo, ta mayar masa da nasa na gida. Nan da nan kayan Sabon Tasha suka bayyana a allon Kakuri.

Ekene ya ja shi gefe. "Oga, gaya mini gaskiya, wa aka canza wa lamba?"

"Ba kai ba."

Da yamma Chukwuemeka ya yi masa tambayar, ya ba shi amsar nan, kuma bai yi wa kowa ƙarya ba. Ran Lahadi Shekari ya hango su a coci, benci ɗaya, uwarsu a tsakiya.