Tauraron Kedah Cikin Fatar Laya

Kaura Namoda

Na bar gida kafin kiran sallar asuba. Ban kai bakin titi ba na koma in duba ko na rufe ƙofar zaure. Na rufe. A tasha na yi sallah, na zauna ina cizon yatsa, don na san babu motar Shinkafi da za ta motsa sai rana ta fito, sai kuma wata mota ta iso daga can ta ce hanya lafiya. Haka tafiya ta koma a ƙasarmu.

Sunana Lawali, tela ne ni. Mahaifinmu ya yi shekaru a Makka yana yi wa alhazai hidima. A can ya yi jinyar wani tsohon alhaji ɗan Malesiya, shi kuma da zai koma gida ya ba shi wasu ƙarafa uku masu rubutu da haruffan Larabci. Da Baba ya rasu muka raba: ɗaya gare ni, ɗaya ga ƙanwata Hajara da ke aure a Shinkafi, ɗaya ga autanmu Nasiru da ke noma a Zurmi.

Akwai wani malamin Poli, Dakta Mansur, da nake yi wa ɗinki. A Malesiya ya yi karatu, kuma yana tara irin waɗannan ƙarafa cikin wani akwati mai gilashi. Da na nuna masa nawa ya ce lambar girma ce. Ya ce a can masarautu tara ne, kowace da lambobinta, kuma ana gane su da tambarin masarauta, da launin ƙyallen da aka rataye su, da abin da aka rubuta. Rubutun ma ba Larabci ba ne, ajaminsu ne, kamar yadda muke da namu. Tawa ta daɗewar aiki ce, irin wadda ake ba akawu ko ɗan sanda da ya yi shekaru bai yi laifi ba. Sai dai ta sha hannu har tambarin ya shafe, bai iya faɗin masarautar ba sai ya ga sauran.

Da wannan kaɗai ne, da ban tashi ba. Abin da ya tashe ni shi ne wayar Rabi, matar Nasiru. Ta ce mijinta ya shiga 'yan sa-kai masu tsaron gari, an ɗinke masa nasa ƙarfen cikin fata, an ce maganin bindiga ne. Ta ce in an yi harbi kowa na kwanciya bayan ganuwa, shi tsaye yake.

Hanyar Shinkafi

Sai da hantsi muka tashi, mu bakwai cikin ƙaramar mota, kuɗin mota ya ninka na bara. Na tambayi direba ko ya duba tayarsa ta baya.

Ya ce, "Baba, taya ta dame ka? Ka roƙi Allah kada mu gamu da masu babura."

A shingen sojoji na wajen Moriki aka ce kowa ya sauka. Wani soja ya taɓa aljihuna ya ji ƙarfe. Na ciro hankicin da na ƙulle lambar a ciki na kwance. Ya juya ta gaba da baya, ya tsaya kan hoton wani mutum da ke jikinta.

"Baba, kai tsohon soja ne?"

"Tela ne, ranka ya daɗe. Gadon mahaifina ne."

"To wane ne wannan mai rawani?"

"Shi za ni in tambaya."

Ya yi dariya ya miƙo mini. Muka koma mota muka ci gaba. Gonaki dama da hagu, wasu an nome, da yawa ciyawa ta cinye.

Shinkafi

Mun isa kafin azahar. Hajara ta kawo mini hoce da fura, na ce ta fara kawo mini tata lambar. Daga cikin kwalla ta ciro ta, da ƙyallenta rawaya da ya koɗe. Na ga ƙarfen ya yi fari fat kamar an goge, na tambaye ta dalili.

Ta ce, "Yaya, in yara sunka yi zazzaɓi ina tsoma ta ga ruwa in ba su. Malam ya ce hatimi ne."

Malam shi ne mijinta, Malam Ɗahiru, mai sayar da turare da layu a kasuwa. Na ajiye ludayi. Na kira Dakta Mansur na faɗa masa abin da nake gani: garkuwa, jinjirin wata a ƙarƙashinta, zangarniyar shinkafa ta kewaye su. Ya ce wannan tambarin Kedah ne, masarautar da ke arewacin ƙasar, manoman shinkafa. Na kwatanta masa sauran zanen, ya ce ga alama ta tunawa da naɗin sarkinsu ce, amma sai ya karanta da idonsa.

Da Malam Ɗahiru ya dawo na tare shi a zaure. Na riƙe haƙuri har muka gama gaisuwa.

Na ce, "Malam, karanta mini abin da ke jikin ƙarfen nan."

Ya karɓa, ya matsa bakin ƙofa, ya motsa leɓe. Ya ce, "Yaya Lawali, ba kowane rubutu aka karantawa ba. Wanga sirri ne. Dubi haruhwan ga masu ɗigo uku, ko cikin Alƙur'ani babu su."

"Babu su don ba Larabci ba ne. Kai ka ce wa Nasiru nasa maganin bindiga ne?"

"Ni ban ce ba sai da anka gwada."

Ya ba ni labarin gwajin yana murmushi. An ɗaure zakara a turke, an rataya masa ƙarfen, wani ya ja baya ya harbe shi da bindigar toka. Hayaƙi ya washe, zakara na tsaye yana cara. Shi ke nan aka kai wa baduku ya ɗinke.

Na ce, "Bindigar toka da ko bangon ɗaki take kuskurewa? Da ita za ka auna abin da masu babura ke riƙe da shi? In aka kawo gawar yaron nan, kai za ka riƙe Rabi da 'ya'yanta uku?"

Ya ce, "Yaya, ka cika shakka. Abu ya hito daga Makka."

"Butar roba ma daga Makka ake kawo ta."

Hajara ta leƙo ta ce don Allah mu rage murya, maƙwabta na ji. A zauren na kwana. Na ƙi cin tuwon dare, sannan na kwana ina tunanin ko ƙin cin ya zama wulaƙanci ga ƙanwata. Da safe na ci ɗumame na ba ta haƙuri. Ta ba ni lambar, mijin bai fito sallama ba.

Zurmi

Daga Shinkafi sai an dawo baya an canza mota kafin a kama hanyar Zurmi. Na yi jira mai tsawo a mararraba, na ci gyaɗa da rake. Da la'asar na isa.

Na tarar da Nasiru a ƙofar gida da abokansa biyu, bindigogi jingine da bango. Ga layar a ƙirjinsa, jar fata, faɗinta ya kai tafin hannu. Ya tarbe ni da murna. Ban ga laifin shigarsa tsaron gari ba. An kwashe masa shanun noma, an ƙone rumbun maƙwabcinsa, wani dole ya tsaya. Na shimfiɗa lambobin biyu a kan tabarma na yi masa bayani tiryan-tiryan, har sunan masarautar.

Ya ce, "Yaya, sau biyu anka yi mamu ruwan harsashi ina tsaye. Ka gan ni."

Ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Baba tela, koma ga kekenka. Wanga aikin maza ne."

Na ce, "Ni da ƙanena nake magana. Kai in kana so ka mutu tsaye, je ka nemi naka zakaran."

Nasiru ya ce ba za a kwance ba, ko wa ya zo. Na ce ya bari Dakta ya yi masa magana ta waya, ya ce ɗan boko bai san wannan fanni ba. Raina ya ɓaci.

Can ya tashi zai zaga bayan gida. Ya cire layar ya rataye a ƙusar zaure, tunda ba a shiga da sunan Allah wurin ƙazanta. Abokan sun fita alwala. Na dubi layar. Ban taɓa ɗaukar kayan wani ba da izininsa ba, ko allura. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. Sai na ciro rezar da nake farke ɗinki da ita. Nufina kawai in jera nasa ƙarfen da na Hajara ya ga tambari iri ɗaya ne. Na sauko da layar na farke fatar.

Tauraro ne mai ƙyalli, tsakiyarsa da fenti mai sheƙi kamar na kwanon tangaran. Ga garkuwa, ga jinjirin wata, ga zangarniyar shinkafa. Na ajiye shi kusa da na Hajara.

Nasiru ya shigo ya tsaya. Bai ko dubi tambarin ba. Farkakkiyar fatar yake kallo.

A hankali ya ce, "Yaya, ka buɗe."

"Na buɗe. Dubi nan, ka gani da idonka."

"Ka karya shi. Laya in anka buɗe ta, iska ta taɓa, ta ƙare. Kowa ya san wanga."

Abokan suka shigo, suka girgiza kai, suka ce lalle ya karye, ko an sake ɗinkewa ba ya ci. Na buɗe baki in ce babu abin da ya karye, don tun farko babu komai a ciki. Maganar da ta kawo ni ke nan tun daga Kaura. Sai na hango Rabi a bakin ƙofar cikin gida, goye da yaro, tana girgiza mini kai.

Na ce, "To yanzu in an yi harbi ya za ka yi?"

Ya ce, "Mi zan yi? In kwanta kamar kowa. Ka ji daɗi."

Na haɗiye maganata. Na ce, "To ka kwanta."

Ya ture mini tauraron da ƙafa ya fita. A gidan wani abokin Baba na kwana, don Nasiru bai ce in kwana nasa ba.

Komawa Kaura

Washegari na sami motar hatsi, na zauna gaba da direba. Mun tsaya a shinge biyu, ba wanda ya taɓa aljihuna. Kafin azahar ina gidan Dakta Mansur. Ya jera lambobin a kan farin ƙyalle, ya karanta, ya gwada da hotunan da yake da su. Duk ukun na Kedah ne. Ta daɗewar aiki, ta naɗin sarki, da tauraron da ya ce na masu daraja ne, ana ba wanda ya yi wa masarauta babbar hidima. Ya ce kada a sake tsoma su cikin ruwa. Ya nemi in bar masa su cikin akwatinsa, na ce biyu ba nawa ba ne, sai na tambayi masu su.

Har yau ina jin haushi. Malam Ɗahiru na yawo yana cewa hassada ta sa na karya maganin ƙanena, mutane kuma sun yarda. Na tambayi limaminmu ko shirun da na yi a zauren nan ya zama ƙarya, ya ce bai zama ba, amma ban gama natsuwa ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Dakta, da Hajara, da direbobin da suka jure tambayoyina. Nasiru ba ya ɗaukar wayata. Rabi ce ke kira. Shekaranjiya ta ce an yi harbi ta gabashin gari, ya dawo gida rigarsa duk ƙasa tun daga ƙirji har gwiwa, yana zagina. Na ce ta wanke rigar, zagin kuma ta bar shi ya yi.