Lambobin 'Yan Ƙwallon Gulma

Ban taɓa mantawa da ranar da na dawo daga Argungu da singileti ba, kuma tunda kun ce in ba ku labarin, to ku saurara.

A shekarun farko ne bayan an ba mu jiha. Ina aiki a shagon Malam Bala a Nassarawa, nan Birnin Kebbi, muna rubuta allunan shaguna muna kuma buga zane a riguna. Ma'aikata biyu ne a shagon, shi da ni, amma idan aka tambaye ni sai in ce ni ne mataimakin manaja.

Ga wanda bai san aikin ba: ana ɗaure wani lallausan yadi a firam na katako, shi muke kira sikirin. A toshe ko'ina a bar siffar zanen kawai, a ɗora a kan riga, a zuba tawada a ja ta da roba. Farar riga ba ta da wahala, duk launin da ka sa zai fito. Riga mai duhu kuwa shanye tawada take yi. Sai an fara buga fari a ƙasa, ya bushe, sannan a ɗora launi a kansa. Wannan bayani na biyu, a lokacin ban san shi ba, domin fararen riguna kawai na taɓa bugawa.

Wata Laraba Malam Bala ya tafi Sakkwato sayen kayan aiki, sai ga Malam Sani, malamin firamare da ke horar da 'yan ƙwallon Gulma. Ya zo da riguna sha shida, shuɗi mai duhu, waɗanda manoman garin suka haɗa hannu suka saya wa matasansu. Ranar Asabar za su buga wasan farko na wata gasa a Argungu. Yana son zangarniyar shinkafa a ƙirji da lamba a baya, duka ruwan ɗorawa.

"Ko in jira maigidanka?" in ji shi.

Na ce, "Malam, ai ko yana nan ni zai miƙa wa."

Washegari na shimfiɗa tebur a ƙofar shago don masu wucewa su gani. Maƙwabcinmu Baba Na-Allah, tsohon marini ne da ya ajiye sana'a, yana zaune a tabarmarsa yana kallona. Da na buɗe gwangwani sai ya ce, "Umaru, mi kaka shirin yi? Wagga tawada ba ta hitowa bisa shuɗi. Gwada ta ga ƙyalle tukuna."

Na ce, "Baba, wannan ba rinin karofi ba ne, aikin zamani ne."

Na buga riguna sha shida a jere. Da danshinta, tawadar sai ƙyalli take yi, har na tsaya ina yaba wa kaina. Da ta bushe na zo gogewa, na ga ruwan ɗorawan ya koma wani kore-kore mai duhu, sai ka matso sosai kake gane lamba. Na gani da idona. Amma na ce wa kaina inuwar shago ce, a fili cikin rana za ta fito. Na ninke su tsaf na sa a leda. Malam Sani ya zo a gurguje ranar Juma'a, ya ɗauka bai buɗe ba.

Da na tsaya nan da abin ya zo da sauƙi. Ranar Asabar na sa sabuwar farar shaddata, na hau mota zuwa Argungu don in samo wa shago kasuwa. Na zauna cikin 'yan kallo ina gaya wa na dama da na hagu cewa rigunan da Gulma za su fito da su aikina ne.

Suka fito. Wani dattijo kusa da ni ya kare ido da hannu ya ce, "Ina aikin naka?"

Daga inda muke, rigunan shuɗi ne zalla. Alƙalin wasa ya juya kyaftin ɗinsu, ya duba bayansa, ya kira Malam Sani. Dokar gasar ita ce ba lamba, ba wasa, domin da lamba ake rubuta wanda ya ci da wanda aka ba kati. Ya ce zai sa wasa na biyu ya fara. Idan an yi la'asar ba su da lamba, an cinye su ke nan. Ga motocin akori-kura biyu cike da mutanen Gulma da suka baro gonakinsu suka zo kallo.

Na yi niyyar sulalewa. Dattijon nan ya miƙe ya ɗaga murya: "Ga mai aikin nan!"

Malam Sani ya iso inda nake. Bai zage ni ba, na fi son a ce ya zaga. Cewa ya yi, "Malam Umaru, yanzu ya za mu yi?"

Na ce a samu farin yadi a yanka lambobi a ɗinka. Akwai teloli biyu a bayan filin, amma ba wanda yake da farin yadi, kasuwa kuma da nisa, lokaci na tafiya. Sai na ga babban telan yana kallon ƙirjina. Malam Sani ma ya kalla. Ni ma na sunkuya na kalla.

Da hannuna na zana lambobin a kan shaddata, da hannuna na yanka. Daga ɗaya zuwa sha shida, gaban rigata da bayanta da hannu ɗaya suka tafi. Teloli suka yi ta taka keke, ana idar da la'asar 'yan wasa suka shiga fili. Sun tashi ɗaya da ɗaya. A motar dawowa wata tsohuwa ta tambaye ni ko ɓarayi ne suka tare ni.

Malam Bala ya ji labari tun kafin ya sauka a tasha. Bai kore ni ba. Ya ajiye min tsummokara masu duhu ya ce kullum in buga fari, in busar, in ɗora launi, har sati biyu. Ya kuma tura ni Gulma na karɓo rigunan na sake buga zangarniyar yadda ya kamata. Lambobin kuwa mutanen garin suka hana a cire, suka ce shadda ce mai tsada.

Abin da na koya, ku masu tasowa, shi ne kada tawada ta taɓa rigar mutum sai ta taɓa ƙyalle irinta, ta bushe, ka fita da shi rana ka ja baya taku ashirin ka duba. Idan idonka ya ce akwai matsala, to akwai. Mutanenmu kuma suna yafe ɓarna ga wanda ya tsaya aka gyara da shi, sai dai ba sa mantawa. Shekaru da yawa Gulma ba su kai aikinsu wani shago ba, kuma duk wanda suka aiko, da ya yi sallama zai ce, "Malam Umaru, an ce in tambaya, farin yadin naka ne ko mu zo da namu?"